An Yi Masa Ƙani: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rainon Jariri da Yayansa a Ɗaki Ɗaya

Ranar suna, duk wadda ta shigo ɗakin mai jego tambayarta ɗaya ce: ina jaririn? A karɓe shi, a duba hanci a ce na babansa ne, a ajiye atamfa da sabulu. Can bakin ƙofa kuwa ga ɗan shekara biyu riƙe da gefen labule. Mako ɗaya da ya wuce shi ne ɗan lelen ɗakin, yau an ce masa "kai babba ne, matsa can." Yawancin tambayoyin da iyaye ke yi bayan haihuwa ta biyu, in aka tona su, a kan wannan yaron suke. Girman da aka ɗora masa na suna ne kawai, jikinsa da hankalinsa suna nan inda suke jiya. Ga tambayoyin da aka fi yi, da abin da na sani a kansu.

Yaushe ya kamata in gaya masa zai samu ƙani?

Ɗan shekara biyu bai san wata biyar ba, bai ma san jibi ba. Ki bari sai cikin ya fito sosai, yadda zai gani da idonsa, sannan ki faɗa masa a taƙaice. Kada ki ce an kusa kawo masa abokin wasa, don abin da za a kawo kuka da barci kawai ya iya. In akwai mai jego a dangi ko maƙwabta, ki je barka da shi ya ga yadda jariri yake.

Abin da ya fi faɗar amfani shi ne duk wani sauyi da za ki yi masa, ki yi shi tun da sauran watanni. Raba shimfiɗa, daina goyo, koyon zama kan fo, shiga makarantar raino: in duk suka faɗo masa a makon haihuwa, jaririn zai ɗora wa laifi, kuma da gaskiyarsa.

Na samu ciki ina shayarwa. An ce in yaye shi maza kada ya sha ciki. Haka ne?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, don a nan ake asarar lafiyar yara. Nonon mai ciki ba guba ba ne, kuma ba shi ke sa yaro gudawa da rama ba. Abin da ke faruwa shi ne ruwan nonon yakan ragu idan ciki ya kai wata huɗu zuwa biyar, ɗanɗanonsa ma ya sauya, har wasu yaran su bari da kansu. Idan cikin lafiyayye ne, kina iya ci gaba da shayarwa muddin ke ma kina cin abinci sosai. Wadda ta taɓa yin ɓari ko haihuwar bakwaini, ko take zubar da jini, ko take ɗauke da tagwaye, ita kam ta faɗa wa ma'aikaciyar awo tukuna.

To me ke ramar da yaron da ake cewa ya sha ciki? Yayen gaggawa ne. Yau yana shan nono, gobe an shafa maɗaci, jibi an kai shi wani gida inda abincinsa koko ne tsararo da lomar tuwo. Ba mu kaɗai muka lura da wannan ba. A shekarun 1930 wata likita mai suna Cicely Williams da ke aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana ta bayyana wani ciwon tamowa mai kumbura yara, ta kuma kira shi da sunan da mutanen Ga na Akara suka ba shi, wato kwashiyoko. Ma'anar kalmar ita ce ciwon da yaro ke kamuwa da shi idan aka ture shi saboda na bayansa. Iyayen can sun gane lokacin da ciwon ke zuwa, kamar yadda namu suka gane. Dalilin ne aka ɗora wa nono, alhali rashin nonon ne da rashin abin da zai maye gurbinsa.

Idan yayen ya zama dole, ki yi shi a hankali cikin makonni: ki fara cire shan rana, ki bar na dare zuwa ƙarshe. Ki ba shi abinci sau uku zuwa huɗu a yini, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. Kunun gyaɗa mai kauri, wake, alale, ƙwai, awara, kifi, kindirmo, miyar zogale, ɗan manja a cikin fate. Kuma kwanonsa daban. Yaron da aka haɗa kwano ɗaya da 'yan shekara bakwai, kallo yake yi ba ci ba. In kika ga ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ya daina sha'awar abinci da wasa, asibiti za a nufa, ba wajen mai maganin shan ciki ba.

Na haihu bai gama yaye ba. Zan iya ba su su biyu?

Za ki iya. Jaririn ne farko, musamman a kwanakin farko da dakashi ke zuwa, don shi ba shi da wani abinci, kuma yakan sha sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya. Babban ya samu saura. Nono na ƙaruwa ne gwargwadon yadda ake shansa, saboda haka ba zai ƙare ba. Ke ce za ki ji a jikinki, sai ki ƙara ci da sha.

Mahaifiyata ta ce a kawo mata shi har in yi arba'in. In bayar?

Ba zan ce al'adar banza ce ba. Mai jego na bukatar hutu, kuma kaka da jika akwai shaƙuwa da wasa tsakaninsu. Tambayar ita ce: ya san ta? In gidan kakar nan wajen zuwansa ne kullum, ya saba kwana a bayanta, to kwana biyu ko uku a can ba komai ba ne. In kuwa sai da Sallah yake ganinta, kwana 40 a wurinsa ba hutu ba ne. Abin da zai fahimta shi ne an kawo wani, an kore shi. Ya dawo ya tarar da baƙo a shimfiɗarsa, a cinyar uwarsa, da tsohon zanin goyonsa.

Ni dai in za a bi tawa, gara kakar ko ƙanwarki ta zo gidan ta zauna, ta ɗauke miki girki da wanki, yaron yana ganinki. In ke ce kika tafi gida wankan, ki tafi da shi. In kuma ba yadda za a yi sai an kai shi, a riƙa kawo shi yana yini, a kuma gaya wa mai riƙon abin da yake ci da lokacin da yake ci. Sau da yawa a gidan riƙo ake ramewa, ba don mugunta ba, don kowa na zaton wani ya ba shi.

Tun da na haihu ya koma fitsarin kwance, yana rarrafe, yana cewa a goya shi. Iskanci ne ko ciwo?

Ba ko ɗaya. Ya duba ne ya ga wanda ba ya tafiya, ba ya magana, yake ɓata kunzugu, shi ake ɗauka da gudu. Sai ya gwada ko shi ma hanyar za ta ɓulle masa. Duka da gori suna tsawaita abin. Ki canza shimfiɗar ba tare da dogon zance ba. In ya ce a goya shi kuma jikinki ya yi ƙwari, ki goya shi na minti biyar, zai gaji ya ce a sauke shi. Wadda aka yi wa aiki ta zauna ta ɗora shi a cinya a maimakon ɗagawa, har sai likita ya ce ta warke. Yawanci cikin 'yan makonni abin ke wucewa. Amma in yana kuka lokacin fitsari, ko yana yawan shan ruwa da yawan fitsari fiye da da, ko da zazzaɓi, wannan ba kishi ba ne, a kai shi a duba.

Na kama shi yana mintsinin jaririn. Wata rana ma ya haye kansa. Me zan yi?

Da farko, doka ɗaya da ba ta da sassauci: ba a barin su su biyu a ɗaki ba babba, ko da ɗebo ruwa za ki je. Ki goya jaririn ko ki ja babban ku fita tare. Ba wai don yaron mugu ba ne. Wanda ke son ƙaninsa ma haɗari ne: zai tura masa gyaɗa a baki don ya ci, zai lulluɓe masa fuska da zani don kada ya ji sanyi, zai jawo shi daga gado don ya kawo miki.

In ya yi mintsinin, ki riƙe hannun ki ce "ba a yi, da zafi," ki ɗauke jaririn. Shi ke nan. Kada ki rama masa da mintsini ko ranƙwashi, don darasin da zai ɗauka shi ne babba na dukan ƙarami, kuma a ɗakin nan akwai wanda ya fi shi ƙanƙanta. Bayan ya huce, ki kama hannunsa ki nuna masa inda ake shafawa, ƙafa da bayan hannu. Ki ba shi aiki: miƙo kunzugu, riƙo kwalbar mai, kore ƙuda. Yaro na son a ce ba a iya yi sai da shi.

Wata dabara da na ga tana aiki: ki riƙa yi wa jaririn magana a gaban yayansa. "Yi haƙuri ka jira, ina ba Yaya abinci." Jaririn bai san me kika ce ba, amma mai kunnen ya ji cewa ba shi kaɗai ake ce wa ya jira ba.

'Yan barka suna tsokanarsa wai an ƙwace masa mama. In yi magana?

Ki yi, cikin raha. "Haba Gwaggo, kada ki haɗa min su faɗa tun yanzu, ai shi ne mai ƙanin." Manya wasa suke yi, shi kuwa gaskiya yake ji. Haka masu cewa "za mu tafi da jaririn," yaron ya ce ku tafi da shi, a kwashe da dariya, a kuma ce ba ya son ɗan'uwansa.

Akwai kuma kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban surukai, sai ga na biyu ya zo ana rungumarsa a fili ba mai cewa komai. Kara abu ne mai kyau a gaban mutane, amma in an shiga ɗaki an saki labule, yaron nan ya san cewa uwarsa na sonsa. Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ce 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai aka amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir kuma ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya. Mukan tuna shi wajen kyauta da rabon dukiya, mu manta cewa a wurin ɗan shekara biyu dukiyar ita ce cinya.

Wane haɗari ne ya fi yawa a gida lokacin jego?

Ruwan zafi. Tukunyar wankan jego tana kan wuta safe da yamma, ana juye ta a baho a tsakar gida, hankalin kowa na kan mai jego, ga mai tatata yana yawo. Kada a sauke ruwan sai an san a hannun wa yaron yake. In tsautsayi ya faru, a zuba wa wurin ruwan sanyi mai tsabta na kamar minti 20, a tafi asibiti. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja.

Sai bokitin wankin kayan jariri, wanda ɗan ruwa kaɗan a cikinsa ya isa ya halaka yaron da ya faɗa da ka. Sai kasko na turaren wuta, da magungunan mai jego da ake ajiyewa a gefen katifa, da kananzir a robar lemo. In ya sha kananzir kada a sa shi amai, a kai shi asibiti kai tsaye.

Tun da an taɓo wankan, bari in faɗi wani abu da ya shafe ki ke kanki. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun yi nazari kan yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a yankin, suka alaƙanta shi da wanka da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da yawan shan kunun kanwa. Ruwa mai ɗumi ya wadatar, kanwa kuma a sassauta, balle ga wadda jininta ya hau lokacin ciki. Haki, kumburin ƙafa, tari da dare, kasa kwanciya sai an jingina, ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi, ba gajiyar rainon biyu ba ce.

Yaya za mu kwanta? Ɗakin ɗaya ne.

Kada babban ya kwanta kusa da jaririn, don yara na juyi cikin barci kamar hannun agogo. Ke ce katanga a tsakani, ko shi ya koma wajen babansa. Jariri a kwantar da shi rigingine, kan shimfiɗa mai tauri, ba filo, ba tarin zannuwa. Kowa a cikin gidan sauro, kuma kada a cire babban daga ciki don an samu sabon mai shiga, shi ma zazzaɓin cizon sauro bai ƙyale shi ba.

Jariri kan yi barcin awa 14 zuwa 17 a kwana, amma gutsi-gutsi. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu na bukatar awa 11 zuwa 14. In kika yi sa'a barcin ranarsu ya haɗu bayan azahar, ki kwanta ke ma. Wanke-wanke ba ya guduwa.

Ni ne maigidan. Ragon suna na saya, cefane ina yi. Akwai sauran abin da ya rage?

Akwai, Malam, kuma ba kuɗi ba ne. Babban yaron naka ne yanzu. Ka yi masa wankan safe kafin ka fita, ka ɗauke shi zuwa sayen burodi ko kosai, ka zaunar da shi kusa da kai in kana cin abinci, in ya farka da dare kai za ka tashi. Abokai za su yi maka tsiya, ba komai. A 2021 gwamnatin tarayyar Najeriya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 idan matansu suka haihu. In kana cikin masu wannan dama, ba a ba ka ita don zaman majalisa ba. In kuma kasuwa kake, ko dawowa da wuri na makonnin farko ya taimaka.

Sannan in ka shigo, ka fara ɗaukar wanda ya rugo ya tare ka. Na cikin zani bai san ka shigo ba.

Babban na mura da tari. In raba su?

Rabuwa gaba ɗaya ba ta yiwuwa a gida ɗaya. A wanke masa hannu da sabulu, a hana shi sumbatar fuskar jaririn, ke kuma ki ci gaba da shayarwa. Abin da za ki riƙe shi ne jaririn da bai kai wata uku ba, in zafin jikinsa ya kai 38 a ma'auni, ko ya ƙi kama nono, ko numfashinsa ya yi sauri, ko jikinsa ya saki, ko ya yi jijjiga, ko idonsa da tafin hannunsa suka yi ɗorawa, asibiti ne a ranar. Kada a ɗiba masa daga maganin yayansa.

Katin rigakafi kuma biyu ne yanzu. Na jariri: ranar haihuwa, sai mako 6, 10 da 14, sai wata 9. Na babban shi ake mantawa, musamman allurar ƙyanda ta biyu da ake yi a wata 15. Ki ɗauki katunan biyu duk ranar da za ki je, a auna nauyinsa shi ma. Da damina in masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro suka zo gida, na 'yan wata 3 zuwa 59 ne: babban ya sha, jaririn da bai kai ba a bar shi.

Ina ba shi waya don in samu in shayar. Laifi ne?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda bai kai shekara biyu ba a nisanta shi da kallon allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ranar da abin ya cakuɗe ba wanda zai kama ki. Amma lokacin shayarwa hannu ɗaya ne a ɗaure, baki a sake yake. Ki zaunar da shi a gefenki da 'yan gwangwanayensa, ki yi masa gatanan gatananku. Gizo da Ƙoƙi sun yi rainon yara kafin a ƙirƙiro caji.

Ina yawan kuka ba dalili, wani lokaci har haushin babban nake ji. Ni kaɗai ce?

Ba ke kaɗai ba ce, ba a dai faɗa ne. Kuka da saurin fushi a kwanakin farko abu ne da mata da yawa ke yi, yakan wuce kafin mako biyu. Jin cewa babban ya zama ƙato mai takura, bayan jiya-jiya shi ne jaririnki, shi ma yana faruwa, kuma rashin barci ne ke hura shi. In kika ji hannunki na ƙaiƙayin duka, ki ajiye jaririn a wuri mai aminci, ki miƙa babban ga wani, ki fita tsakar gida ki sha iska.

Idan kuwa ya wuce mako biyu, ba kya jin daɗin komai, ba kya iya barci ko da sun yi, ba kya son ɗaukar jaririn, ko tunanin cutar da kanki ko su yana zuwa miki, wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Ba raunin imani ba ne, ba rashin godiya ba ne, kuma yana da magani. Ki yi addu'arki, ki kuma gaya wa likita ko ungozomar asibiti, kamar yadda za ki yi da hawan jini.

Ba na son in sake yin gwanne. Shayarwa ta isa ta hana ciki?

Tana hanawa ne da sharaɗi uku a haɗe: jaririn bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana ba ko ruwa, kuma al'adarki ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi, kuma ciki na iya shiga kafin ki ga jinin farko. Shawarar masana lafiya ita ce a samu aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, wanda ya yi daidai da shekara biyu cikakku na shayarwa da aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambata. Ku yi maganar ke da maigida tun kafin arba'in, ku je sashen tazarar haihuwa tare a nuna muku hanyoyin da ba sa taɓa ruwan nono.

Yaushe za su fara wasa tare?

Ba da wuri ba. Wajen wata biyu jaririn zai fara murmushi, kuma sau da yawa yayan ne ke fara samun dariyarsa ta gaske, don shi ne mai tsalle da gwalo. Wajen wata shida zai zauna, a iya ajiye su kan tabarma ɗaya kina kallo. Sai dai ki shirya: kishin kan dawo sabo lokacin da ƙaramin ya fara rarrafe, wajen wata takwas zuwa goma, ya soma kai hannu kan motar gwangwanin yayansa. Ki ware wa babban 'yan kayan da nasa ne shi kaɗai, a ɗora su inda mai rarrafe ba ya kaiwa, kuma kada kullum hukuncin ya zama "bar masa, ai ƙaninka ne." Wata rana a ce wa ƙanin ma ya saki, a ba shi murfin tukunya da ludayi ya buga.